Kwarkwatar Hooke da matar da ta ƙi ba ni haɗin kai

Ina shekarar farko ta digirin digirgir a Ingila, mai duba aikina ta tura ni ɗakin tsofaffin littattafai, inda ba a shiga da biro sai fensir. Aka kawo mini Micrographia, littafin masanin kimiyya Robert Hooke, wanda ya fito a 1665, aka jingine shi a kan matashin soso. Na warware wata takarda da aka ninke a ciki, sai ga kwarkwata ta cika shafi, ta ƙanƙame silin gashi. Abin da muke murtsukewa da farce, madubin kambama ƙananan halittu ya mayar da shi dodo.

Ba don Hooke na je ba. Margaret Cavendish nake bi, matar Duke na Newcastle, wadda ta rasu a 1673. Na zo da hukuncina a aljihu: ita ce kakar masu fafutukar haƙƙin mata. Hujja kuwa ga ta birjik. Ta buga littattafai da sunanta a zamanin da ake ganin hakan abin kunya ne ga mace. A watan Mayun 1667 ta ziyarci Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya da ke Landan, aka yi gwaje-gwaje a gabanta, amma Samuel Pepys, wani jami'in gwamnati da ya rubuta labarin a kundinsa na yau da kullum, tufafinta ne suka fi tsone masa ido. Ƙungiyar ba ta zaɓi masaniya mace ba sai 1945.

Sai na ci karo da gabatarwar wani littafinta na 1655, inda ta ce ƙwaƙwalwar mata ba ta kai ta maza ba. Wata shida ina kewaye shafin nan kamar mai gudun wanda yake bin sa bashi. Da na miƙa babin, malamata ta tambaye ni abu ɗaya tak: ina na kai shafin? Ranar na so ƙasa ta tsage in shige.

Kuskurena shi ne rabin littafi nake karantawa. A 1666 ta fitar da Observations upon Experimental Philosophy, ta liƙa masa ƙagaggen labarinta The Blazing World a baya. Ni 'yar adabi, labarin na ɗauka, na bar falsafar ga masu tarihin kimiyya. Ashe muhawara ɗaya ce a riga biyu. A falsafar ta ce gilashi yana jirkita sura, kuma fatar abu kawai yake nunawa. A labarin kuma, masana masu siffar beyar sun nuna wa Sarauniya kwarkwata a madubi. Tausayin mabaratan da kwarkwatar take ciza ya kama Sarauniya, ta tambaya ko madubin zai hana cizon. Suka ce wannan ƙaramin aiki ne, bai kai darajar iliminsu ba. Nan na ga abin da ya fi laƙabin da nake son rataya mata: mace da aka hana kujera tana tuhumar masu kujerar a kan amfanin aikinsu. Batun madubi dai ta yi kuskure, likitanci ya tabbatar, kuma ina faɗa wa ɗalibaina haka ba tare da kwana-kwana ba.

Wannan fage da ke tsakanin adabi da tarihin kimiyya yana da tsada. Wajen neman aiki, sashen adabi ya ce ni 'yar tarihi ce, sashen tarihi ya ce in koma adabi. Shekara huɗu na yi ina koyarwar wucin gadi kafin in samu gurbi. Hoton kwarkwatar yana manne a ƙofar ofishina, sababbin ɗalibai sukan ɗauka sun ɓata hanya zuwa sashen nazarin halittu.