Kwana Biyu a Kalmalo

Makon jiya na kwana biyu a Kalmalo, ƙauyen da ke kusa da Illela a arewacin jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijar. Tafkin da aka san garin da shi ya ja da baya ƙwarai, har wani dattijo ya nuna mini wurin da suke kama kifi suna yara, wanda yanzu yashi ne da shukar albasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20, wadda ta raba dangi gida biyu, domin kusan duk gidan da na shiga akwai mai 'yan uwa a Birnin Ƙonni. Da aka rufe iyaka a 2019, zumunci ma sai da ya ji jiki.