Yadi da mita: inda na kwana a mako na 7

'Yan uwa masu koyo, assalamu alaikum. Mako 2 ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Ba biro na ajiye ba, kasuwa ce ta ɗauki zafi saboda lokacin bukukuwa, kullum sai bayan isha'i nake shiga gida. Ga wanda bai san mafarin zancen ba, ni ɗan Kantin Kwari ne, shadda da atamfa nake sayarwa, rabona da aji ya haura shekara 20. Babbar 'yata ce, wadda ke aji 2 na babbar sakandare, ta miƙo mini jingar fiziks wani dare ta ce, "Abba, duba mini wannan." Na juya takardar, na sake juyawa, na ce ta bari sai da safe. Gari ya waye ba ni da ta cewa. Kunyar ranar ce ta kai ni Sabon Gari na sayo littafin tsofaffin tambayoyin WAEC, yanzu ga shi kowane dare ni da ita muna kan tabarma ɗaya, da fitila mai caji a gefe saboda halin wuta.

Bari in fara da wadda ta ba ni kunya a wannan makon. An ce abin hawa yana tafiyar kilomita 36 a awa, direba ya taka birki, ya tsaya cak cikin sakan 4. Mita nawa ya ci kafin ya tsaya? Na ce wannan ai ruwa ce. Ya faro da 36 ya ƙare da sifili, matsakaicin gudunsa 18 ke nan, a ninka da 4, 72. Na ja layi biyu a ƙarƙashi, har da gyaran murya. Yarinya ta leƙo ta ce, "Abba, mita 72 fa? Ai ya wuce rabin filin ƙwallo." Ta yi gaskiya. Duk wanda ya taɓa hawa adaidaita sahu daga Ƙofar Nassarawa ya san ba a cin wannan nisan kafin a tsaya a irin wannan gudun.

Awo na cakuɗa. Gudun an ba ni shi da kilomita da awa, lokacin kuma da sakan. Kilomita 36 mita 36,000 ne, awa ɗaya sakan 3,600, idan aka raba sai a sami mita 10 a kowane sakan. Matsakaici 5, sau 4, mita 20. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni ne mutumin da bai taɓa rikita yadi da mita a shago ba. Yadi inci 36 ne, mita ta ɗan haura inci 39, kuma wanda ya sayo da mita ya auna da yadi ba tare da ya lissafa bambancin ba, shi ya san yadda aljihunsa zai kwana. Amma da aka sa mini abu iri ɗaya a takarda sai na wuce shi ido buɗe. Tun ranar ban ƙara rubuta lamba tsirara ba, kowacce sai na liƙa mata awonta a gefe, ko da a takardar gwaji ce.

Wani abu da ya fito daga tambayar nan ya dame ni a hanya. Idan gudun ya ninka ya koma kilomita 72 a awa, birkin bai canza ba, nisan tsayawa ba 40 zai zama ba, 80 ne. Gudu ya ninka sau 2, nisa sau 4. Ina ma direbobin titin Zariya sun zauna da mu a tabarmar nan.

A ɓangaren lissafi kuwa, abin da na daɗe ina gudu shi ne cike murabba'i. Doguwar fomular nan mai b da 4ac na haddace ta kamar karatun aku, ina samun amsa amma ban san daga ina ta fito ba. Abin da ya buɗe mini kai tsohon misali ne na Al-Khawarizmi, malamin da ya rayu a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara. Misalin shi ne x² + 10x = 39. Shi da zane ya warware, ni kuma da almakashi.

Na ɗauko kwalin da ake naɗe shadda a kai. Na yanka murabba'i ɗaya, kowane gefe x. Sai 10x ɗin na raba shi biyu, falle biyu masu faɗin 5 da tsawon x, na jera ɗaya a dama ɗaya a ƙasa. Da ka kalle shi za ka ga babban murabba'i ne da aka gutsure wa kusurwa, kuma gurbin 5 ne sau 5, wato 25. Abin da ke hannu 39 ne, a cike gurbin ya zama 64. Murabba'in da girman filinsa duka ya kai 64, gefensa 8 ne. A cire 5, saura 3. Na gwada: 9 da 30, 39 cif. Wallahi na daɗe ina kallon kwalin nan. Ashe umarnin da malamai ke ta nanatawa, a raba lambar tsakiya biyu a ninka ta da kanta, kusurwar da ta ɓace ce kawai ake nema. Duk telan da ya taɓa haɗa ƙyalle zai gane wannan cikin minti 5.

Sai dai kwali yana da iyakarsa. Akwai amsa ta biyu, -13, domin 169 a cire 130 ma 39 ne. Almakashi ba ya yanka tsawon da ya gaza sifili, shi ya sa zanen bai nuna ta ba, amma mai duba jarrabawa yana son duka biyun. Ku kiyaye wannan, maki ne ke zubewa a banza.

Daren Laraba ne darussan biyu suka haɗu a tambaya ɗaya. Mutum yana saman bene mai tsayin mita 25, ya cilla dutse sama da gudun mita 20 a sakan. Yaushe dutsen zai taɓa ƙasa? An ce a ɗauki g, wato gudun da jan ƙasa ke ƙara wa abin da ke faɗowa a kowane sakan, a matsayin 10, kamar yadda aka saba a irin waɗannan tambayoyin, duk da cewa ainihinsa ya fi kusa da 9.8. Na zuba lambobi, na sami t² - 4t + 5 = 0, inda t shi ne lokacin, na danna kalkuleta ta ƙi ba ni amsa. Sau 3 ina dannawa, har na fara zargin batir. Ba laifinta ba ne, a cikin fomular 16 a cire 20 ya koma ƙasa da sifili, kuma babu lambar da za a ninka da kanta ta ba da haka. Ni ne ban yi zane ba. Da na zana benen na ɗauki sama a matsayin tarawa, sai na ga dutsen ya ƙare tafiyarsa ne a ƙasan inda ya taso, don haka 25 ɗin da alamar ragewa za ta shiga. Lissafin ya koma t² - 4t - 5 = 0, amsa 5 ko -1.

Ban yarda ba sai da na bi ta wata hanya. Dutsen yana rasa gudun mita 10 a kowane sakan, saboda haka sakan 2 zai yi yana hawa, ya ƙara mita 20, ya kai 45 daga ƙasa. Faɗowa daga mita 45 sakan 3 ne, tunda rabin g, wato 5, sau 3 sau 3 shi ne 45. Jimla 5. Wannan hanyar ta fi tsawo amma ta fi kwanta mini, don ina ganin dutsen da idona. Ita kuwa 'yata ta ce a zauren jarrabawa babu lokacin bin hanya biyu. Mun bar shi a haka, kowa da nasa.

Ita -1 ɗin littafi ya ce a yar da ita, lokaci ba ya komawa baya. Na yar, amma na kwana ina tunaninta. Da asuba na gwada: da a ce daga ƙasa aka cilla dutsen da gudun mita 30 a sakan, bayan sakan 1 zai iso mita 25 daidai, gudunsa kuma ya ragu zuwa 20. Wato tafiya ɗaya ce, lissafin bai san da bene ba, ya ba ni duk lokutan da dutsen zai kasance a ƙasa.

Inda na maƙale yanzu shi ne kaya a kan gangare. Na fahimci nauyi yana rabuwa biyu, wani yana jan kayan ƙasa ta bin gangaren, wani yana danna shi a jikinsa, amma kullum sai na musanya sin da cos, ma'aunan kusurwa biyu da ake lissafa rabon da su. Jiya na tsaya a gindin Dutsen Dala ina kallon wani mai kurar ruwa yana fama da hawa, ina ƙoƙarin hango kusurwar a ƙarƙashin tayoyinsa, har ya ɗauka ruwa zan saya. Wanda ya san yadda zan yanka wannan da kwali, don Allah ya taimaka mini kafin Asabar, ranar da 'yata za ta kawo sabuwar jinga.