Alhamis a kan tabarmar Mama

Wata bakwai na yi a Sakkwato ina zuwa sujada duk Lahadi ba fashi, amma da za a tsayar da ni a lokacin a ce in kira sunan mutum biyar a majami'ar nan da ba zan iya ba. Aikin koyarwa ne ya kawo ni daga wajen Malumfashi, na kama ɗaki ɗaya a Mabera. Ranar Lahadi zan shiga in zauna bencin baya kusa da ƙofa saboda iska, a yi waƙa, a yi baiko, Fasto ya yi wa'azi, a sa albarka, in fito in tare kabu-kabu in koma ɗaki in rufe ƙofa. Ba laifin kowa bane, mutane da yawa ne kuma kowa na sauri ya isa gida kafin rana ta take, wanda ya san zafin garin nan a watan Maris da Afrilu ya san abin da nake nufi. Littafi Mai Tsarki kuwa yana nan a wayata, amma gaskiya tun rasuwar mahaifiyata ban buɗe shi da zuciya ɗaya ba.

Wata Lahadi bayan an tashi wata tsohuwa cikin 'yan Zumuntar Mata ta riƙe mini hannu a bakin get. Tace "ɗiyata, kullum ina ganinki kina gudu kamar an biyo ki, ina ne gidanku?" Na faɗa mata. Tace suna ɗan taruwa a gidanta ranar Alhamis da ƙarfe biyar suna nazarin Littafi Mai Tsarki, in zo. Nace toh Mama, irin toh ɗin nan da ake faɗa don a rabu lafiya. Sati uku tana maimaitawa kafin na je.

Abin da na tarar ba wani abu mai girma bane. Tabarma biyu a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, kujerar roba ɗaya ta wani Baba tsohon soja saboda gwiwarsa, kula cike da zoɓo, mutum tara har da ni. Akwai wani magini, wata ma'aikaciyar jinya, 'yan mata biyu ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo, wata gwauruwa mai sayar da masa, da wani saurayi mai gyaran waya. Wasu daga Zuru, wasu daga kudancin Kaduna, ɗaya daga Filato, Hausa ce ta haɗa mu duka. Mama da kanta ta fi shekara arba'in a garin, bakinta ya zama na Sakkwatawa sak, tana ganina tace "taho ki zamna nan kusa gare ni." Ba ma majami'a ɗaya suke zuwa ba, yawanci 'yan ECWA ne amma ma'aikaciyar jinyar 'yar Katolika ce, a babban cocinsu na Holy Family take sujada, kuma ban taɓa jin an mai da wannan abin magana ba.

Yadda ake yi: waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi, a hankali ba ganga ba lasifika, addu'a gajeriya, sai a buɗe inda aka tsaya. Kowa ya karanta aya biyu ko uku da murya, a zagaya. Idan an gama ba wanda zai miƙe ya yi wa'azi, Mama za ta kalli mutum ɗaya kawai tace "mi kij ji?" Shikenan tambayar. Me kika ji.

Ranar farko da layi ya zo kaina na sha wuya. Ni da nake tsayawa gaban yara arba'in kullum, sai ga bakina yana sarƙewa, don duk karatuna na Littafi Mai Tsarki tun sakandare da Turanci nake yi, Hausa a gida da kasuwa kawai. Na tsallake kalma ɗaya ban ma lura ba, Mama ta mayar da ni. Daga baya na gane ita bata iya karatu ba sam, ko harafi ɗaya, da kunne ta haddace, shekara da shekaru ana karanta mata. Wannan abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Baba soja kuma nashi littafin tsohuwar fassara ce, irin wadda ta fara fitowa a 1932 wadda su Dakta Miller na Wusasa suke cikin waɗanda suka yi aikinta, ya naɗe bangon da leda. Mu sauran ta 1979 muke riƙewa ko ta waya, to wani lokaci sai ya ce ku dakata, nawa ba haka ya faɗa ba, ya karanto nashi, sai ka ji kalma ɗaya ta buɗe maka ayar gaba ɗaya.

Bisharar Markus suke ciki lokacin da na shiga. Sura 16 ce kawai, mutum zai iya gama ta a zama ɗaya, mu kuwa wata takwas muka yi. Ranar da ba zan manta ba ita ce ta sura 2, labarin shanyayyen nan da mutum huɗu suka ɗauko zuwa wurin Yesu a Kafarnahum, suka tarar gida ya cika maƙil ba hanyar shiga, suka hau sama suka buɗe rufin suka zuro shi da shimfiɗarsa. Na san labarin tun ina makarantar Lahadi, har hotonsa mun yi wa kala. Amma da aka tambayi magini me ya ji sai ya ajiye littafin yace ku tsaya, ku baku san mene ne fasa rufin soro ba. Ya shiga yi mana bayani yadda ake jera azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daɓe, yace in irin wannan rufin ne to mutanen nan sun yi gumi, ƙasa ta zubo wa na ƙasa a ka, kuma dole akwai wanda ya dawo washegari ya gyara wa mai gida rufinsa da kuɗin aljihunsa. Yace shi abin da ya ji kenan, ɗaukar mutum bata ƙarewa a ranar da aka ɗauke shi.

Sai mai masa, wadda da wuya ka ji muryarta, tace a sake karanta mata aya ta 5. Aka karanta. Tace kun ji ko, bangaskiyarsu Yesu ya gani, tasu su huɗun, ba a ce ta mai ciwon kaɗai ba. Tace shekarar da mijinta ya rasu ita ko "Ubanmu wanda ke cikin sama" bata iya kaiwa ƙarshe, mutanen tabarmar nan ne suka yi ta addu'a a madadinta har bakinta ya dawo.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Tun da na fara zuwa ban taɓa gaya musu komai a kaina ba, ranar na faɗa, nace ina fushi da Allah tun da muka yi azumi da addu'a kwana da kwanaki a kan mamata kuma ta tafi. Na zaci za a jefo mini aya a rufe bakina, don an sha yi mini haka. Ba wanda ya yi. Baba soja yace ɗiyata ki je ki karanta Zabura 88 in kin koma, wanda ya rubuta ta har ya gama bai ce ya ga haske ba, kuma an bar ta a cikin Littafin ba a cire ba. Mama ta ɗora hannu a bayana ta yi addu'a da bata fi minti ɗaya ba. Aka kira magariba a masallacin unguwa muka tashi, don ka'ida ce da an kira ake sallama, kowa ya isa gida da sauran haske.

Kar wani ya ɗauka kullum daɗi ne. Akwai lokacin da wata magana da aka faɗa a kan tabarma ta fita waje har ta dawo kunnen mai ita, sati biyu bata zo ba, sai da Mama da Baba suka taka har gidanta, aka zauna aka nemi gafara ido da ido, kuma abin ya ɗauki lokaci kafin ta sake sakin jiki. Tun daga nan duk sabon zuwa ana gaya mishi a fili, abin da aka faɗa nan ya tsaya nan. An taɓa kawo shawarar mu fara adashe, Mama ta ƙi, tace kuɗi in ya shigo shi zai zama shugaba, kuma ina ganin ta yi daidai duk da wasu basu ji daɗi ba. In wani ya shiga matsala a haɗa abin da ya samu a kai mishi, ba a rubutawa.

Zama Kirista a Sakkwato yana da nashi nauyin, ba sai na tsawaita ba. Sun ba ni labarin watan Mayu na 2022 lokacin da aka sa dokar hana fita, yadda suka riƙa kiran juna a waya ɗaya bayan ɗaya har aka tabbatar kowa na lafiya. Haka kuma da idona na ga maƙwabciyar Mama, wata Hajiya, tana aiko mana da kunu da ƙosai a watan azumi in ta ji muna nan, Mama ma in Kirsimeti ta zo bata mantawa da gidanta. Dukansu biyun gaskiya ne, kuma a addu'ar rufewa ana ambaton maƙwabta gida gida.

Yanzu mun kai mutum goma sha huɗu, tabarma biyu ta yi kaɗan, har an fara maganar a raba gida biyu don in aka yi yawa masu kunya sai su koma shiru kamar yadda nake a bencin baya. Mama tace ni da magini mu riƙe na wajen Mabera. Nace Mama ni da nake sarƙewa, tace "awo, ke ɗin." Ban ba ta amsa ba tukuna, ina ta addu'a a kai. Wannan Alhamis ɗin muna shiga Ayyukan Manzanni sura 2, kuma ni ce da zoɓo.