Mako na uku da kifirem: take ya fara shigowa da natsuwa

'Yan'uwa masu koyon haɗa bidiyo, barkanmu da war haka. Yau mako uku ke nan ina fama da abu guda, wato yadda rubutun take zai shigo allo a natse, ba kamar an jefo shi ba. Ga inda na kai.

Ga wanda bai fara ba tukuna, kifirem alama ce da kake dasawa a layin lokaci, ka ce wa manhaja a daidai nan rubutun yana wuri kaza, girmansa kaza. Sai ka matsa gaba ka dasa wata da adadi daban, manhajar ta cike tsakani da kanta. Sunan ya samo asali ne daga masu zanen katun da hannu, inda babban mai zane ke zana muhimman hotuna, mataimakansa su zana na tsakiya. A CapCut da DaVinci Resolve ɗan daimon ake taɓawa, a Premiere Pro da After Effects kuwa ɗan agogon da ke gefen kowane saiti ake fara kunnawa. Ni da After Effects nake koyo, don haka lambobin da zan kawo nasa ne.

Abu na farko da ya sauƙaƙa mini aiki shi ne farawa daga ƙarshe. Da can nakan dasa kifirem na farko, sannan in yi ta lalube ina neman inda rubutun zai tsaya. Yanzu sai na ajiye shi a mazauninsa tukuna. A allo mai faɗin fiksel 1920 da tsayin 1080 (fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto), tsakiya ita ce 960 da 540. Bidiyona firam 30 ne a daƙiƙa, wato hotuna 30 a jere, sai na je firam na 15 na dasa kifirem a nan, na dawo firam na 0 na mai da 540 ta zama 600. A wannan manhaja lambar tsaye tana ƙaruwa ne in ana yin ƙasa, ke nan rubutun zai taso daga ƙasa da fiksel 60 cikin rabin daƙiƙa. Na haɗa da bayyanarsa daga 0 zuwa 100 cikin firam 10.

Duk da haka motsin bai kwanta mini ba. Rubutun yana tafiya da gudu iri ɗaya tun daga farko, sai ya tsaya cak kamar ya ci karo da bango. Na ɗauka ƙarin kifirem ne maganin, na yi ta jera su har guda shida, abin sai ƙara karkarwa yake. Ashe biyun nan sun isa, abin da ke tsakaninsu ne ke buƙatar gyara. Na zaɓe su na danna F9, umarnin Easy Ease, nan take motsin ya yi laushi. Sannan na buɗe jadawalin gudu, na ja hannun kifirem na biyu zuwa hagu sosai, don rubutun ya fito da sauri ya sauka a hankali. Da na bi shi firam bayan firam, sai na ga a biyar na farko ya cinye mafi yawan tafiyar, a na ƙarshe kuwa da ƙyar yake gusawa, fiksel ɗaya ko biyu. Wannan 'yar gusawar ce ke sa ido ya yarda da motsin. Na maimaita kallonta ya fi sau goma don daɗi.

Ku kula da agogon nan. Muddin yana kunne, duk canjin da kuka yi wa saitin da ke gefensa sai ya haifi sabon kifirem a inda allurar lokaci take, wato alamar da ke nuna inda kuke a layin lokaci. Haka na samu takena yana sulalewa gefe a hankali a daƙiƙa ta uku, sai da na danna U, wanda ke fito da duk kifirem ɗin da ke jikin rubutun, na ga baƙon na goge shi. In kuma kuka kashe agogon, duka za su tafi, sai Ctrl da Z su dawo da su.

Na gwada ƙara girma ma, daga 90 zuwa 100, rubutun ya riƙa kumbura daga kusurwar hagu ta ƙasa, domin a can cibiyarsa take, wato wurin da girman ke farawa. Ctrl da Alt da Home suka mai da ita tsakiya. A nan ne na koyi zaɓen salon haruffa tun kafin in motsa komai. Wanda na fara ɗauka ba shi da ƙ da ɗ, da na sauya shi faɗin rubutun ya canza, cibiyar ta kauce, dole na sake saitawa.

Tsawon zaman take a allo kuwa, ina karanta shi a bayyane sau biyu, in bar shi gwargwadon haka kafin ya fita.

Mako mai zuwa zan gwada shigo da haruffa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya makara wa na gabansa da firam 2. Wanda ya riga ni gwadawa, ya gaya mini tazarar da ta fi yi masa kyau a dogon take.