Kalma ɗaya a takardar haya ta raba ni da shagona

Wallahi har yanzu in na ga kalmar determine sai raina ya ɓaci. Turanci ba baƙona ba ne, kuma takardar hayar shagon nan layi-layi na bi ta kafin in sa hannu. Akwai inda aka rubuta cewa mai shago zai iya determine ɗin hayar in ya ba da notis. To ni a sanina determine ai ƙayyade abu ne, sai na ɗauka ƙarin kuɗin haya ake nufi, wanda dama kowa ya saba da shi. Na saki jiki na sa tayil, na buga kanta, na ja sabuwar wayar wuta, har ƙofar gilashi sai da na sa, kwastomomi sun fara sanin wurin kenan sai ga takardar tashi.

Da na kai wa lauya ko minti ɗaya bai yi ba ya ɗora biro a kan kalmar ya ce, "Malam, ai a wurinmu wannan kawo ƙarshe take nufi." Ashe tsohuwar ma'ana ce da ta fita daga bakin mutane amma ta maƙale a kotu, tushenta ɗaya da terminate, daga kalmar Latin mai nufin iyaka. Tun da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066 Faransanci da Latin suka cika harshen shari'arsu, mu kuma a Najeriya ta hanyar mulkin mallaka muka gaji dokokin da ke aiki a can ranar 1 ga Janairun 1900, tare da tarkacen kalmominsu.

Na dawo gida na sake bin takardar da fushi, sai ga wasu. Demised premises ba ruwansa da mutuwa duk da demise a Turancin yau mutuwa ce, wurin da aka ba ka haya ne kawai. Quiet enjoyment kuma ba maganar hayaniya ba ce, alkawari ne mai gida ba zai tsoma maka baki a zamanka ba, wannan ma haƙƙina ne ban san ina da shi ba. Waɗannan dai ba su ci min ko sisi ba. Determine ce ta cinye min tayil da gilashi.

Abin da ya fi ƙona min rai, irin wannan kalmar ba ta da kamar baƙuwa. Witnesseth ko hereinafter kana gani za ka tsaya ka duba. Wadda kake ji kullum ita ce ba za ka duba ba, in ma ka duba ƙamus ɗin waya ma'anar yau ce a sama, sai ka gangara can ƙasa inda aka sa alamar shari'a ko tsohon amfani.

A sabon shagon, lauya na fara biya kafin dillali, kuɗin lauyan ko rabin na ƙofar gilashin nan bai kai ba. Na sa aka goge determine aka rubuta terminate ɓaro-ɓaro, aka kuma ƙara cewa in an tashe ni kafin wa'adi sai an biya ni kuɗin gyara.