Mako na 41: Ƙayyade Iyakar Motsin Elaron

'Yan'uwa masu koyon wannan sana'a ta haɗa jirgin sama, makon nan gaba ɗaya ya tafi ne a kan elaron, wato ɓangaren nan mai motsi da ke gefen baya na kowane fiffike, wanda da shi ake karkata jirgi dama ko hagu. Zanen jirgina ya ba da iyaka: sama tsakanin digiri 25 da 32, ƙasa tsakanin 15 da 17. Bambancin da gangan ne, domin elaron ɗin da ya sauka yana ƙara jan iska a fiffikensa, ya janye hancin jirgi zuwa ɓangaren da matuƙi bai nufa ba.

Na fara da daidaita tsakiya. Na kafe gwiwar ƙarfen da ke cikin fiffike, wadda ke karɓar motsin sandar tuƙi ta miƙa shi ga elaron, da ma'aunin da zanen ya tanada, sannan na riƙa juya kan sandar turi, wato sandar da ta haɗa gwiwar da elaron, rabin zagaye bayan rabin zagaye har bakin elaron ya yi layi ɗaya da jikin fiffike. A nan ne na ɗora ma'aunin kwana na dijital, na mai da shi sifiri. Duk awon da aka yi kafin wannan mataki aikin banza ne.

Da na tura sandar tuƙi dama har ta tsaya, ma'aunin ya nuna elaron na dama ya tashi digiri 27, kuma na kusa rubuta shi a littafi, tunda yana cikin iyaka. Abin da ya hana ni shi ne yadda ta tsaya, da taushi, kamar ana danna roba. Da na haska tocila cikin fiffiken, sai ga wani ɗan karce mai ƙyalli a jikin sandar turi, daidai inda take ratsa ramin ƙashin baya na fiffike. Ashe bakin ramin ne yake tare ta, alhali matokarin da na ɗaura kusa da hinji, wanda shi ya kamata ya tsayar da elaron, bai ko taɓa komai ba. Da an tashi a haka, kowace karkata za ta riƙa cin jikin sandar a hankali.

Na faɗaɗa ramin da magagari kaɗan kaɗan, ba tare da wuce abin da zanen ya yarda ba, na goge bakinsa, na sake gwadawa. Yanzu elaron yana dukan matokarinsa da ƙara mai kaifi a digiri 30, ɗaya ɓangaren kuma yana sauka zuwa 16. Ku lura cewa su biyun a haɗe suke, saboda haka matokarin sama na dama shi ne ke yanke saukar na hagu. In kun taɓa ɗaya, dole ku sake auna duka huɗun, wato sama da ƙasa na kowane ɓangare.

Saura in leƙa ramin shaida na kowane kan sanda, wato ɗan ramin da ke nuna zurfin da aka murɗa shi ciki, don tabbatar da cewa ya shiga yadda ya kamata, in ɗaure notocin kulle, sannan in sa wani ya tsaya a baya ya tabbatar mini da idonsa cewa sanda dama tana ɗaga elaron na dama.