Abin da na koya a lambun tunawa da waɗanda suka rasu

Waɗanda muka yi aiki tare sun san abin da ya shiga tsakanina da manaja, don haka yanzu da zan bar aikin ba sai na yi ɓoye-ɓoye ba. Saɓaninmu a kan abu ɗaya ne, kayan da masu makoki ke bari a gindin sassaƙe-sassaƙe.

Shi a wurinsa shara ce. Wasiƙa a cikin leda, takalmin yaro ƙafa ɗaya, hoton da rana ta cinye har fuskar ta kusa ɓacewa, duk ya ce a kwashe kafin a buɗe ƙofa, domin masu ba da tallafi su tarar da wuri fes. Ni kuwa hannuna bai iya kai su bola ba. Sai na riƙa rubuta ranar da aka ajiye da kuma gindin da na tsinta, ina jerawa a kwali a ɗakin ajiya. Da ya gano, a gaban kowa ya ce na mai da ofis juji, ya bi ni da takardar gargaɗi. Ana nan wata uwa ta dawo neman hular ɗanta, na ɗauko mata a naɗe, ta rubuto wa hukuma godiya. A taro ya miƙe ya ce ai tsarinsa ne. Takardar gargaɗin tana nan cikin fayil ɗina, bai janye ba.

Alhali ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba. Bangon tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Vietnam, wanda Maya Lin ta tsara tana shekara 21, aka buɗe a Washington a 1982, yana ɗauke da sunaye sama da 58,000, kuma hukumar da ke kula da shi tana tattara abin da mutane suka bari tana adanawa. Baƙin dutse ne gogagge, mai ziyara yana ganin fuskarsa a kan sunan ɗan'uwansa, wasu ma su ɗora takarda su goga fensir su tafi da sunan gida. Na faɗa masa haka, ya ce nan ba Amurka ba ce, ya sa aka kewaye mutum-mutumin tagulla na lambunmu da igiya wai hannu yana ɓata shi. E, hannu yana goge tagulla har ta yi ƙyalli, amma kakin da muke shafawa yana kare ta, kuma wanda ya rasa nasa so yake ya taɓa wani abu.

Käthe Kollwitz, mai sassaƙa 'yar Jamus, ta rasa ɗanta Peter a 1914, sai 1932 ta kammala sassaƙen iyaye biyu a durƙushe, waɗanda ke maƙabartar Vladslo a Beljiyam. Shekara 18 ke nan. Shi ya sa ban taɓa gajiya da wanda ke zuwa benci ɗaya shekara da shekaru ba.

Sauran darussan gajeru ne. Mai kuka ba ya buƙatar bayanin aikin mai sassaƙa, a ƙyale shi. A duba rubutun suna sau da yawa kafin a sara a dutse. Injin yankan ciyawa ya jira in akwai mutum a zaune. Kuma wanda zai gaje ni, duk shawarar da ka kai wa manaja ka kai ta a rubuce, ka riƙe kwafi mai kwanan wata.